Ruwan da Ke Zagayowa ta Baya

Fereej Abdel Aziz, Doha.

Zuwa ga ɗana Haruna, mai sunan Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Innarka da ƙannenka da duk mutanen gidanmu na Yauri. Ka gaishe mini da baffanninka na bakin ruwa, ka ce ina yi musu barka da shigowar baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, na ji bana ya zo da kifi. Ni ma lafiya lau nake, sai godiyar Allah. Allah ya tsare ku a gida da daji, a tudu da ruwa.

Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna a zamanin da kowa ke danna waya. Na gwada kiranka, Babana, bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba wani abokin aikina da zai zo hutu ya kawo maka.

Saƙon muryar da ka turo ya same ni ina zaune cikin mota, ina jiran ma'aikatan kamfaninmu su fito in mayar da su masauki. Da na ji ka ce ka samu aiki a jirgin kamun kifi a Legas, na ce alhamdu lillahi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na ji ka ce za ka tafi da Sani, ɗan Hajo ƙanwar Innarka, sai murnar ta koma ciki, don na san Sani tashin Kontagora ne, ko a kududdufi bai taɓa iyo ba. Sai kuma ka yi dariya ka ce, "Baba, kada ka damu, na gaya wa Inna Hajo ina riƙe da shi. Mu jinin masunta ne. Ruwa ba ya cin Basarke." Wallahi wayar suɓucewa ta yi daga hannuna ta faɗa ƙarƙashin kujera. Mutanen suka shigo suna ta ce mini yalla, yalla, wato mu tafi, ni kuwa na kasa murɗa makulli. Maganar nan taka, sak da bakina na taɓa faɗinta, kuma har yau ban gaya wa kowa a gida abin da ya biyo bayanta ba.

Ba hana ka tafiya zan yi ba. Namiji ba ya tsufa a gindin uwarsa. Amma kafin ka ɗauki ɗan mutane ka kai shi teku, sai ka zauna ka ji wautar ubanka tun daga farkonta.

Na zo ƙasar nan da girman kai fal ciki. Ni ne fa ɗan Haruna mai taru, wanda daga Yauri har Ngaski babu gurbin kamun kifin da ba a san sunansa ba. Tuƙin mota na zo yi, amma a zuciyata ni sarkin ruwa ne da aka ba aron sitiyari. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Isiyaku ya ce in zo mu je in ga teku. Ka san sunan Isiyaku, mutumin Dutsin-ma, wanda nake aika wa 'ya'yansa kayan salla. Mai gadi ne, gadonsa na saman nawa a wannan ɗaki da nake rubutu a ciki. Ban taɓa ganin mai tsoron ruwa kamarsa ba. Yakan ce, "Ni duk ruwan da ya fi ƙarfin buta, ba ni ba shi." Sai dai yana son zaman bakin teku, ya zo da filas ɗin shayi ya zauna can nesa yana tsokanar mutane.

Muka isa wajen duwatsun da ke kusa da inda jiragen katako ke tsayawa, muka tarar da wasu 'yan Filifin suna fatsa. Cikinsu akwai Rodel, mai gyaran wuta a kamfaninmu. Na tsaya a bayansa da farar shaddata, na goya hannu, ina kallon irin na malami ya zo duba ɗalibai. Sai na ga ya jawo wani abu daga ruwa. Babana, ni da na tashi cikin kifi, na san tarwaɗa da kurungu da giwan ruwa da rajiya, ban san lokacin da na ja da baya na ce a'uzu billahi ba. Abu ba ƙaya, ba ɓawo, ba wutsiyar kirki, hannuwa rututu sun fito masa daga kai, ga ido irin na akuya yana kallona, jikinsa kuma yana sauya launi a gabana, yanzu ja, yanzu fari. Na sunkuya in ƙare masa kallo, sai ya feso mini baƙar tawada tun daga goshi har ƙirji. Isiyaku ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Sarkin ruwa, ai kau talakawanka sun yi maka naɗi!"

Habbar Larabawa ke kiran wannan halitta. Ranar na rantse ba abincin Musulmi ba ce, na yi ta zuba wa mutane fatawa a ɗaki, har sai da Isiyaku ya ja ni wurin wani malami ɗan Zariya da ke koyarwa a nan. Malam ya saurare ni tsaf, ya yi murmushi ya ce, "Malam Umaru, abin da ke cikin teku halal ne. In ƙyama kake yi ka ce ƙyama, kada ka jingina wa shari'a." Na fito kunya kamar in nutse. Makon da ya zagayo Rodel ya soya mana shi, Isiyaku ya barbaɗa yajin ƙuli, ni da na yi rantsuwa ni na lashe kwano. Saboda haka, in ka je Legas za ka ga abinci da halaye da ba ka saba da su ba. Kada ka yi saurin ɗaure fuska, kada kuma ka mayar da rashin saninka addini. Ka tambayi masu ilmi, sannan ka ci ko ka bari.

Daga nan abin ya shiga raina. Habbar na da amfani biyu. Ana ci, kuma babu ƙoton da kifin teku ke so kamarsa, in ka yanka shi siri-siri ka saka a ƙugiya, kifaye irin su sha'ari da hamur ba sa iya wuce shi. Shi kansa kuwa ba da ƙoto ake kama shi ba. Akwai wani ɗan abu da ake ƙerawa da siffar jatan lande, a lulluɓe shi da ƙyalle mai ƙyalli, a jera masa allurai a wutsiya kamar haƙoran mataji. Su Rodel suna ce masa jig, mu muka mayar da shi jigi. Za ka jefa shi, ka bari ya nutse, ka ɗan zabure shi sama, ka sake bari ya sauka a hankali. Habbar ya ɗauka jatan lande ne mai rauni, sai ya zo ya rungume shi.

Na sayi nawa a wani kanti, na ce wa Rodel ba sai ya koya mini ba. Wa zai koya wa Basarke fatsa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato shi ke nan, ya koma kan dutsensa. To, mu a gida in ka ji kifi ya taɓa, fizga kake yi da ƙarfi don ƙugiya ta shige. Haka na yi ta yi. In ji nauyi, in fizga, in jawo, sai in ga guntun hannun habbar maƙale a allura yana motsi, mai hannun ya tafi. Da na ga haka sai na koma ja ina sassautawa, yadda muke gajiyar da giwan ruwa. Nan ma sai in ji zare ya yi sakayau, ya gudu. Sanyin wannan shekara kaf na ƙare shi ina tara guntayen hannuwa, Isiyaku na zaune da bokiti yana cewa, "Umaru, wai kamun kifi kake yi ko kaciya?"

Sai da na haɗiye girman kaina na je na tsuguna gaban Rodel. Ya karɓi jigin ya nuna mini alluran, ya ce in duba, ba su da kunne irin na ƙugiya. Abin da ke riƙe habbar kawai shi ne zare ya zauna a miƙe. Ka fizga, namansa ya yage. Ka sassauta, ya zame. Sai dai ka ɗaga sanda a hankali, ka yi ta naɗewa da hannu ɗaya, ba sauri ba tsayawa, har ya iso. A ranar na cika rabin bokiti. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Isiyaku da bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, da na ba shi ya gwada, nan take ya kama, don shi ba shi da wani tsohon hannu da zai kwance. Ka riƙe wannan, Babana. Abin da ka iya a kogin Kwara shi zai fara cutar ka a teku, don hannunka zai yi shi kafin kanka ya yi tunani. In ka hau jirgin nan ka zama ɗan koyo, ko da wanda zai koya maka bai kai ka iyo ba.

Da a nan na tsaya, da labarin dariya ne zan ba ka. Na koyi riƙon zare, amma ban koyi ruwan ba.

Rodel ba ya fita sai ya duba wayarsa, ya ce yau ruwa zai janye da ƙarfe kaza, ya dawo da ƙarfe kaza. Ni kuwa in yi ta yi masa dariya, ina cewa mu a garinmu da ido da hanci muke karanta ruwa, ba da waya ba. Ina gani dai ruwan yana hawa dutse yana sauka, amma a bakin Doha gaɓar a tsaye take, hawan bai wuce ka ɗaga ƙafa ka matsa sama ba, shi ya sa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ka san koginmu sau biyu yake kawowa a shekara, farin ruwa da baƙin ruwa, kuma ba ya zuwa sai ya yi sallama. Za ka ga kumfa, ka ga ciyayi na tahowa daga sama, tsofaffi su ce a janye jirage. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa akwai ruwan da ke kawowa a yini guda ba, shiru, ba kumfa ba ciyawa.

Shekarar da aka buɗe sabon filin jirgin sama, Isiyaku ya samu gadi a can. Murna kamar me. Ya ce ranar Juma'a sai mun yi walima a ɗaki, kuma habbar yake so, da yawa, a soya da yaji a ci da shinkafa, saura a ajiye na ƙoto. Wani ya ba mu labarin wani bakin ruwa arewa da gari inda ake samunsa sosai lokacin sanyi. Rodel yana da aiki ranar, amma da safe ya tsare ni a ƙofa ya nuna mini wayarsa. Ya ce wurin shimfiɗe yake, ruwa zai janye da azahar ya tafi nesa, kafin faɗuwar rana kuma zai dawo, kada mu yi nisa da gaɓa. Na dafa kafaɗarsa na ce ya bar mini wannan.

Muka ari mota muka isa bayan la'asar. Teku ya tafi can, sai yashi jiƙaƙƙe iya ganinka, da 'yan ƙaguwa suna gudu. A bakin gaɓa ba wurin jefa jigi. Can nesa na hango wani tudun yashi, bayansa ruwa ya yi duhu, alamar zurfi. Na ce wa Isiyaku can za mu. Ya dubi nisan, ya dube ni, ya ce, "Umaru, ni fa ka san ni. Bari in zauna nan in jira ka da shayi." Na ce masa, "Haba Isiyaku, ruwan da bai kai idon sawu ba? Wa zai riƙe mini bokiti? Taho, ina riƙe da kai. Ruwa ba ya cin Basarke." Sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya ce, "To, tunda da ɗan ruwa nake."

Muka yi ta tafiya a kan yashi. A tsakiyar hanya muka ratsa wani ɗan kwari mai faɗi, ruwansa iya gwiwa, ya riƙe gefen rigata har muka haye. Ko a jikina. Muka hau tudun, na jefa jigi, tun bai gama nutsewa ba na ji nauyi. Babana, ban taɓa ganin kamu irin na ranar ba. Ina cirewa ina jefawa, tawada ta ɓata mu duka biyun, Isiyaku na tsaye da bokitin fenti mai murfi yana lissafa wa mutanen ɗaki rabonsu, wane ba zai samu ba don ya cika munshari. Hannuna ya zauna daidai, ko ɗaya bai kuɓuce mini ba, kaina ya yi girma.

Can ya ce, "Umaru, ruwa fa ya taɓa mini ƙafa." Na ce igiyar ruwa ce, za ta koma. Ban ko waiwaya ba. Idona na gaba, wajen zurfi, don a saninmu daga can ruwa ke zuwa. Na ƙara jefawa. Jim kaɗan ya sake magana, wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Umaru, don Allah juyo ka gani."

Na juya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yashin da muka tako babu shi. Daga inda muke tsaye har gaɓa ruwa ne shimfiɗe, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, motarmu ta zama ɗan ɗigo. Ruwan bai zo mana ta gaba ba, zagayawa ya yi ta baya, ya cika kwarin nan tukuna, ya bar mu a tsibiri, yanzu kuma tsibirin yake haɗiyewa. Wayoyinmu na cikin mota, don kada su jiƙe.

Na ce masa kada ya ji tsoro. Na ɗora bokitin a kaina, cike da habbar, na ce ya riƙe kafaɗata. Ka ji fa, bokitin na ɗauka. Muka shiga, ruwa iya cinya, iya ƙugu, iya ƙirji, yana salati a bayana. Da muka iso kwarin sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafata, ga ruwan yana gudu da ƙarfin da ban zata ba. Bokiti ya tafi. Isiyaku ya saki kafaɗa ya shaƙe mini wuya da hannu biyu, muka nutse tare. Na yi abin da kakanka ya koya mana. In mai nutsewa ya riƙe ka, ka yi ƙasa da shi, zai sake ka, sannan ka ɓullo ta bayansa ka kamo shi. Na yi ƙasa, ya sake ni. Na ɓullo, na kai hannu inda ya kamata ya kasance, hannuna ya kamo ruwa.

A kogi, in mutum ya kuɓuce maka, ka san inda za ka neme shi. Gangare ruwa ke yi, sai ka bi shi ƙasa. Jikina bai yi shawara da ni ba, ya juya wajen teku, wajen zurfi, don a hankalin ɗan kogi can ne gangare. Na yi ta nutso ina ɓullowa, ina kiran sunansa, ina ƙara yin ciki, har duhu ya rufe. Ashe ruwan shigowa yake yi. Wajen gaɓa ya tafi da shi, ni kuma da duk ƙarfin da Allah ya ba ni nake iyo ina nisantarsa.

Wasu masu ƙaramin jirgi ne suka ji ihuna suka tsamo ni, suka kira jami'an tsaron ruwa. Da gari ya waye aka same shi kusa da gaɓa, bai fi jifa da dutse daga motarmu ba. Ruwa ya sake janyewa. Yana kwance a kan yashi, wurin da ko tafin ƙafa ba zai jiƙe ba, ƙafar wandonsa na nan a naɗe yadda ya naɗe ta. Na tsaya a kansa ina duba ko'ina, ina neman ruwan da ya kashe shi, babu. A nan Doha muka yi masa sutura.

Hausawa na cewa gwani ruwa kan ci. Ni ruwa bai ci ni ba, Babana, wanda ya yarda da ni ya ci.

Bayan wasu watanni, ina tuƙi a hanyar Asian Town, wata mota a gabana ɗauke da bokitan fenti, sai wani tunani ya doke ni har sai da na gangara gefen titi na tsaya. Bokitin nan yana da murfi. Da na zubar da habbar ɗin na danne murfin na ba shi ya rungume, da ya zame masa gora. Kakanka, duk da sunan da ya yi, ban taɓa ganin ya shiga gurbi ba gora a ƙirjinsa ba. Ni da na girma ina ganin haka, gora na kaina, na cika ta da abin miya. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba a cikin ruwan, don na riga na gama yarda cewa hannuwana sun isa. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ka tuna zuwana hutu na ƙarshe, da kuka ja ni bakin ruwa, na tsaya iya gwiwa na ce sanyi nake ji? Ka yi ta yi mini tsiya, kana cewa Doha ta mayar da Baba ɗan gayu, baffanninka na dariya. Ba sanyi ba ne. Tun daga ranar nan, in ruwa ya wuce mini gwiwa sai in ji hannu a wuyana. Jigin ma yana ƙasan akwatina, ban sake jefa shi ba, kuma ko ƙanshin suyar habbar na ji a gidan nan sai in fita waje.

To ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. In kun isa, kafin ka taka jirgi, ka nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ko wane yare ne, ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi yaushe ruwa ke shigowa, yaushe yake fita, ta ina yake ja. Da ɗan gari akan ci gari. In suna dubawa a waya, kai ma ka duba, ba raini ba ne ga kakanninka. Rigar nan mai hana nutsewa da ake bayarwa a jirgi, na san halinka, za ka ce ta ragwaye ce. Gora ce, Babana, gorar teku. Ka sa taka a gaban Sani, don in ya ga ba ka sa ba shi ma kunya za ta hana shi. Kuma duk inda ka tsaya a bakin teku, komai daɗin kamu, ka riƙa waiwayawa.

Game da Sani kuwa, ka koma wurin Hajo kafin ku tafi. Ka janye maganar da ka yi mata. Ka gaya mata gaskiya, cewa kai ma teku ba ka san shi ba, kuma ba ka da ikon riƙe ran kowa. In bayan ta ji haka ta ce ya tafi, to ya nemi aikin tudu tukuna, ɗaukar kaya ko gyaran kifi, har ya koyi iyo a hannun mutanen wurin. In ya ce maka yana jin tsoro, kada ka yi masa dariya, kada ka ce masa haba. Tsoron Isiyaku ya fi gwanintata hankali, ni na raba shi da shi da kalma biyu. In wani ya tambaye ka ko kai ɗan ruwa ne, ka ce masa a Yauri dai haka ne, a nan kuwa baƙo ne kai.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Da na zo gida bayan rasuwar, na je Dutsin-ma ta'aziyya. Mahaifiyar Isiyaku tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Aka ce mata ga abokinsa na Ƙatar. Ta lalubo hannuna ta riƙe da hannu biyu, ta ce, "Kai ne Umaru? An ce mana kai ka yi ta nemansa cikin ruwa har ka kusa halaka. Ɗana, Allah ya saka maka da alheri. Kullum in ya bugo waya sai ya ce mini, Inna kada ki damu, ina tare da ɗan masunta." Ta yi ta sa mini albarka, matan gida na cewa amin, aka kawo mini fura. Na buɗe baki in gaya mata wanda ya ce masa taho, na kasa. Na karɓi godiyar, na sha furar, na taso. Ta rasu bara, tana yi mini addu'a.

Na ɗanɗani abubuwa masu ɗaci a zaman ƙasar mutane, amma babu kamar furar nan. Kada ka bari wata rana Hajo ta riƙe hannunka ta yi maka irin wannan godiya.

Na sa maka albarka, Babana, albarkar da ba ta da sauran ƙulli. Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku abin da kuka je nema ta hanyar halal, ya haɗa ku da mutanen kirki. Allah ya tsare gabanka, ya tsare bayanka. Ya dawo da kai ga Innarka da ƙafafunka, ya dawo da Sani ga tasa uwar da nasa ƙafafun. In ka idar da salla ka sa Isiyaku a addu'a, ka sa da ni.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Haruna.